Shekarar da Inna ta ƙi tuwon hannuna

Na daɗe ina jin ana gaya muku wai uwarku ta taɓa yin tsafi da kawunan damo a Garhanga. Na san masu faɗa, kuma ba duka ne suke faɗa da mugunta ba, wasu haka suka ji, haka suke bayarwa. Ku kuma kunya ta hana ku tambayata, sai dai in ga kuna satar kallon juna duk lokacin da aka ambaci damo a gabana. To tun da sauran gani a idona, hannuna kuma yana iya riƙe bik, wato biro, gara in rubuta muku yadda aka yi, don maganar da ta bi ta bakin mutane da yawa ba ta isowa da kamanninta. Ku karanta, ku ba ƴaƴanku, in ya so kowa ya yanke hukuncinsa.

Abin ya faru ne a ranin da ya biyo bayan babban farin nan na tamanin da huɗu. Babanku ya tafi Abija, can bakin teku, biɗa, wato ci-rani, tun kaka, shi da kusan duk namijin da ke iya ɗaukar jaka a garin, don ba a girbe abin da zai kai mu ko'ina ba. Aka bar mu a gida ni da mahaifiyarsa, Inna Kulu, da ku ukun da aka haifa a lokacin: babbanku da har yau ba na kiran sunansa, da Sa'adu, da Zali tana goye. Rumbunan gidan in ka yi magana a cikinsu sai su amsa maka. Muna cin anza, ƴaƴan wani icen daji, da aka jiƙa aka zubar da ɗacinta, da ganyen da Allah ya hore, saƙon Abija kuwa sai an fid da rai yake zuwa.

Ku kun san Inna da tsufa sosai, tana zaune a bakin ɗaki tana ba ku tatsuniya. Ni na san ta da sauran ƙarfinta da cikakken bakinta. Gajeriya ce, ba ta da jiki, amma in ta ɗaga murya a tsakar gida har maƙwabta sai sun gyara zama. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, ɗiyar malam take ce mini, don mahaifina liman ne a wani ƙauye kusa da Karofane. In na yi abin kirki ta ce ɗiyar malam ta yi abin kai, in na ƙona tuwo ta ce ai ba a koya tuƙi a lakkwal. Lakkwal ɗin ma, wato makarantar boko, ba da son Baba na shiga ba. Da aka zo ɗaukar yara aka ce dole gidansa ya ba da ɗaya, sai ya ɓoye mazan wurin karatun allo ya miƙa ni, a ganinsa asarar ta fi sauƙi. Muna taɓa faɗa da Inna yadda kowace mace take yi da uwar mijinta, amma ina son ta, ita ma tana sona, ko da yake ko da wuƙa a wuya ba mai faɗa a cikinmu.

Dangin babanku asalinsu Azna ne, masu addinin gargajiya, sun musulunta tun Inna tana yarinya. Ba ta wasa da salla, azumi kuwa har na nafila tana yi. Amma akwai abu ɗaya da gidan ya riƙe, shi ne damo. Ba sa ci, ba sa kashewa, kuma Kaka suke ce masa. An ce kakansu na farko ya ɓata a kan dutse da rani, ƙishirwa ta kusa kashe shi, sai ya ga damo da jiƙaƙƙen ciki, ya bi sawunsa har ya kai shi inda ruwa yake kwance a ƙarƙashin wani falalen dutse, a nan kusa ya kafa gida. Na ji wannan labari tun ina amarya. Abin da na ɗauka shi ne hanin na ci ne da kisa, kuma na masu jinin gidan ne. Ba wanda ya gaya mini akwai saura, don duk zamana a gidan ba a taɓa tsintar mataccen damo ba balle in ga yadda ake yi.

Ana cikin wannan hali wata mata ta sauka a Garhanga da mota cike da akwatuna. Baƙar fata ce, mutuniyar Benin, sunanta Madam Berna, daga jami'a aka turo ta. Ta gaya wa maigari tana neman wanda ya iya karanta lamba, mai natsattsen hannu, wanda ba ya tsoron maciji in ya mutu. Maza ba sa gari, ni ce kuma mai karanta wa mata wasiƙun mazansu, sai maigari ya aiko a kira ni. Ladan aikin jar dawa ce da ɗan mai. Na gaya wa Inna, ta dube ni sama da ƙasa.

"Awon kan ƙadangare? Yo shi ko hula za a ɗumka mai? Tahi, ɗiyar malam, in dai da dawa ciki, ko wutsiya tac ce ki auna, ki auna."

Ina so ku san aikin nan sosai, don har yau in na tuna shi sai in ji daɗi a raina. Abin da Madam take bincike shi ne ƙoƙon ƙwaƙwalwa, wato ɗan ɗakin ƙashin da ƙwaƙwalwa take zaune a ciki, na ƙadangaru da na macizai. Tana so ta san ko wurin zama yana sauya siffarsa, ko na kan dutse masu shiga tsaga ya fi faɗi da kwanciya, na masu nutsewa cikin yashin fadama kuma ya fi dunƙulewa. An ba ta wani ɗaki da rumfa a gefen gari. Muna sa kai a cikin ƴar tukunya mai ƙananan huji, mu rufe, mu aje inda kiyashi suke da rami, su cinye naman tas su bar mana ƙashi. Sai in wanke da ruwan toka, in shanya a inuwa, in rubuta masa lamba da siririn alƙalami. Daga nan sai awo. Akwai wani ma'aunin ƙarfe mai baki biyu, Madam tana ce masa piye-a-kulis, ni kuwa bakin kada na sa masa. Da shi nake auna tsawon ɗakin tun daga hujin da ƙashin baya yake shiga, da faɗinsa tsakanin kunne da kunne, da tsayinsa, ina faɗa tana rubutawa, sannan ta karɓa ta sake aunawa ina rubutawa. In awonmu ya saɓa sai mu koma, wani lokaci ni ce da kuskure, wani lokaci ita. A ƙarshe mu toshe hujojin da kakin zuma, mu ɗura ruwan roba a ciki, in ya bushe mu zaro a hankali, sai ga siffar cikin ɗakin a tafin hannunka.

Da farko duk kawunan iri ɗaya nake ganinsu. Da ido ya saba sai na gane kama da wane ba wane ba ce. Na tsaka daban, na kulɓa daban, na hawainiya kuwa shi kaɗai da rawaninsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bambancin ƙadangare da maciji. Na ƙadangare gabansa a buɗe yake, kamar ɗakin da aka gina bango uku aka kare gaban da zana. Na kububuwa da kumurci kuwa ƙashi ne ya rufe shi ta ko'ina. Madam ta ce maciji yana haɗiye abin da ya fi kansa girma, abin kuma yana shure-shure a bakinsa, in da ɗakin a buɗe yake da ƙwaƙwalwarsa ta sha duka. Ranar na koma gida ina ta tasbihi a hanya. Na karanta a allo cewa Allah ya kyautata halittar komai, amma sai a rumfar Madam na riƙe abin a hannuna na gani. Gida kuma ya farfaɗo, hayaƙi ya koma tashi safe da yamma, Sa'adu da ƙafafunsa suka zama sanduna ya fara gudu. Kullum da hantsi Inna takan goyo Zali ta kawo mini in ba ta nono, ta tsaya daga bakin rumfa tana tsokanarmu, tana tambaya ko mun gano wanda ya fi wayo tsakanin tsaka da maigari.

Yunwar shekarar ta sa mutane suka shiga haƙar damo daga ramukan da yake kwanciya da rani, ana gasawa ana sayarwa a kasuwar Ibohamane, a yar da kawunan a juji. Madam ta gani, ta sa aka tattaro mata su. Ba ta kashe ko ɗaya ba, ba ta sa an kashe ba, wannan ku riƙe shi. Da ta kawo su gabana ya ɗan faɗi, amma na ce a raina ban ci ba, ban kashe ba, ni kuma ba jinin gidan ba ce. Muka sa su a tukwane kamar sauran. Mun gama da wasu har mun jera su fari tas a kan tebur, wasu suna wurin kiyashi, sai wata rana Inna ta zo da Zali daidai na buɗe wata tukunya ina dubawa. Ta leƙa. Kan wani babban damo ne, kiyashi sun rufe masa ido da baki. Ta kwance Zali ta miƙo mini, ta jira har ta ƙoshi, ta goya ta, ta juya. Inna da ba ta iya wuce kaza ba ta yi mata magana ba, ranar ko sallama ba ta yi wa Madam ba.

Da yamma na tuƙa tuwo na kai mata akushinta. Ta tura shi gefe da bayan hannu.

"Ɗauke abinki."

"Inna, lahiya?"

"Lahiya lau. Hannun da yab ba kiyashi Kaka, ba ni cin abin da yat tuƙa."

"Inna, ba mu munka kashe su ba. Ga juji anka ɗauko su, karnuka za su ci."

"Na jiya. Karnuka ba su san shi ba. Ke kin sani."

Na ɗauka fushi ne na kwana ɗaya. Ashe ban gama sanin Inna ba. Ta ƙi tuwo, ta ƙi hura, ta ƙi ko ruwan da na ɗebo, sai ta ɗauki ƴar gora ta tafi rijiya da kanta. Ta koma cin anza da ganye, abin da ma ba ya riƙe mai ƙarfi balle tsohuwa. Na yi dabara na kai wa maƙwabciyarmu Habsu dawa na ce ta dafa ta kawo kamar daga gidanta. Inna ta buɗe kwanon, ta ga jan tuwo, ta ce wa Habsu, "Yaushe gidanku yas samu jar dawa? Mai da mata." Habsu ta fito tana dariya tana share hawaye lokaci ɗaya. Kuma abin da ya fi ci mini rai, Inna ba ta daina kula da ku ba. Ita ke zuba muku tuwon nan da ta ƙi, ta zauna tana kallo kuna ci, tana faɗa wa Sa'adu ya daina zubarwa. Ina ganin zanenta yana ƙara zagaye ta, muryarta tana raguwa. Na shiga halin ƙadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. In na bar aiki ku ne za ku kwana da yunwa, in na ci gaba tsohuwa tana ƙarewa a gabana, ga shi ba waya a lokacin balle in ji ta bakin babanku.

Wata safiya na fito na iske ta zaune a ƙasa kusa da randa, ta tashi za ta yi alwala jiri ya kayar da ita. Na kai hannu zan ɗaga ta, ta yarda, don taɓawa ba ta cikin abin da ta hana kanta. Ba nauyi ko kaɗan. Na kai ta ɗaki, sai na ga ta fito da farin ƙyalle na saƙar hannu daga cikin tukunyar ajiyarta ta ɗora a kan gado. Likkafaninta ne da ta daɗe da tanada, yadda tsofaffinmu suke yi. Da na gan shi sai tsoro ya kama ni sosai, na durƙusa ina kuka.

"Inna, na bar aikin ga. Yau ba ni komawa."

"Ki bari ɗiyan ga su ci mi? Kul kika bari. Ni na ci rabona na duniya."

"To ki hwaɗa min abin da ka wanke hannun ga. Ba shi yiwuwa a ce babu."

Sai ta ce akwai, amma ba ta ga ɗiyar malam tana iyawa ba, shi ya sa ba ta faɗa ba. Al'adar gidan ita ce duk damon da aka iske ya mutu, macen gida ce take wanke shi, ta naɗe shi da farin ƙyalle, ta binne shi a gindin gawon tsohuwar gona, kada a bar shi a fili abu ya ci. Wadda ta binne, hannunta ya wanku daga duk abin da ya faru kafin nan. Ta ce duka za a binne, ba a rage ko ɗaya, kuma ni zan yi da hannuna.

Na tafi wurin Madam na gaya mata. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ban taɓa ganinta haka ba. Ta ce ƙashin shi ne shaidarta, da shi za ta koma jami'a a aje, duk wanda ya yi shakkar awonta ya ɗauka ya sake aunawa, awon da ba ƙashi a bayansa manyanta za su ce zance ne kawai. Kuma na damo su ne mafi kyau a duk abin da ta tara. Ban yi mata gardama ba, don gaskiyarta ce. Na ce kawai ta zo ta ga Inna. Ta zo da la'asar, ta sunkuya ta shiga ɗakin, ta ga tsohuwar da ke tsokanarta a bakin rumfa ta koma fata da ƙashi, ta ga farin ƙyallen a kan gado. Ta tambaye ni da faransanci mene ne, na gaya mata. Ta zauna a ƙasa, ta ce in fassara wa Inna.

"Ki ce mata a garinmu ma akwai gidajen da ba a taɓa mesa, kakata tana cikinsu. Na yi karatu na yi nisa ina cewa na rabu da su, sai ga shi na zo Adar na iske ta tana jirana. Ki ce ta ba ni kwanaki kaɗan in ɗauki hoto, mu sake awo, mu zuba roba. Ƙashin nata ne."

Na fassara. Inna ta ce, "Ki ce mata ta yi maza, ba ni da kwanakki da yawa na ba da aro." Madam ta yi dariya tana goge ido. Muka koma muka yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba, tun fitowar rana har ido ya daina ganin lamba, kowane kai muka juya shi ta kowace fuska.

Garhanga ba a ɓoye magana, kafin mu gama labari ya haura dutse ya kai ƙauyenmu. Sai ga Baba a kan jakinsa. Bai shiga gidan surukai ba, ya zauna a inuwar ƙofar gida, na kawo masa hura na durƙusa. Ya sha ya yi hamdala, sannan ya fara.

"Rabi, an ce za ki yi ma damo likkahwani. Gaskiya na?"

"Gaskiya na, Baba."

"Ɗiyata, da nik koya ma Fatiha da bakina? Wanga aikin arna na. Likkahwani na ɗan Adam na."

"Baba, ba yanka, ba roƙo, ba sujada. Ramuwar alheri ta, haka Inna tac ce. Rami ɗai za ni ginawa in ruhe ƙashi."

"Haka dut shika hwarawa. Ki bar ta, yunwa ta ishe ta ta ci."

"Ba ta ci, Baba, na san ta. In tam mutu cikin ɗakin ga, ga dawa ga rumbu, ni ka dahwawa, mi za ni ce ma Allah? Mi za ni ce ma ɗanta?"

Ya ja tasbaharsa. Ba mugun mutum ba ne kakanku, tsoro yake ji mini, tsoron lahira, kuma a iya saninsa gaskiya yake faɗa. Ya ce ya gaya mini abin da ya wajaba ya gaya mini, sauran tsakanina da Ubangijina. Ya hau jakinsa ya tafi bai waiwayo ba. Bari in gaya muku tun yanzu abin da wannan ya ci mini, don kada ku ce na ɓoye. Bai tsine mini ba, bai yanke zumunci ba. Bayan wasu shekaru ya koma zuwa, yana yi muku addu'a, yana shafa kanku, shi ya raɗa wa ƙanananku suna. Amma hurar nan da ya sha a ƙofar gida ita ce ta ƙarshe. Duk zuwan da zai yi, in na kawo abinci sai ya ce yana azumi, ko ya ce ya ci a hanya. Har ya koma ga Allah bai sake cin abin da na dafa ba. Abin ya yi mini zafi, har yau in na tuna yana yi, kuma ban taɓa riƙe shi da shi ba.

Ranar da muka gama awo Madam ta jera kawunan a cikin ƙwarya da kanta ta miƙo mini. Washegari da safe na kai wa Inna. Ta sa na kawo ruwa mai kyau, ta zauna jingine da bango tana gaya mini yadda zan yi, na wanke su ɗaya bayan ɗaya, har lambar da na rubuta musu na goge. Da aka zo naɗewa na ce ban da farin ƙyalle, sai ta jawo likkafanin nan nata ta kama bakinsa da sauran haƙoranta ta yage.

"Inna, in kinka yage shi, ke hwa?"

"Ni ban tashi tahiya ba tukuna. Yi aikinki."

Muka ɗora ta a jakin su Habsu, ina riƙe da ita, ƙwarya a kaina, muka gangara tsohuwar gona. Madam ta biyo mu a baya, ta tsaya can nesa ta cire hularta. Ƙasar ta bushe ƙam, na sha wuya kafin in haƙa ramin da Inna ta yarda da zurfinsa, tana daga zaune tana cewa ko kaza ta fi ni tono. Na jera su a ciki, na mai da ƙasa, na ɗora duwatsu saboda karnuka. Abin da aka faɗa a wurin duka, Inna ce ta faɗe shi, ga shi kuma na rubuta muku ba ragi ba ƙari.

"Kaka, kun ba mu ruwa, ga ƙasa mun ba ku. Ku yi haƙuri da shekarag ga, mutane yunwa ta kama su."

Shi ke nan tsafin. Ba a yanka ko ɗan tsako ba, ba a kira sunan kowa ba, da muka dawo ma Inna sallar walha ta yi a zaune.

Na shiga madafa. Na san cikin da ya daɗe ba abinci ba a fara masa da tuwo, sai na dama kunu mai ruwa-ruwa na sa ɗan tsamiya. Na kai mata na aje a gabanta na koma bakin ƙofa na tsuguna, ban iya kallonta sosai ba. Ku ma kun zauna kuna kallo, har Sa'adu da ba ya zama wuri ɗaya. Ta jawo ƙwaryar, ta juya ludayi, ta yi bisimilla ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Ina jin ƙarar haɗiyarta daga inda nake. Ta shanye tas, ta sa yatsa ta lashe gefen ƙwaryar, sannan ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Ɗiyar malam, kunun ga ya yi ruwa. Ƙaro."

Na karɓa na zagaya bayan rumbu na yi kukana mai isata, sannan na ƙaro mata.

Madam ta ƙarasa aikinta kafin ruwa ya sauka, ta tafi da macizanta da sauran ƙadangarunta, na damo kuwa roba da hoto kawai ta tafi da su. Daga baya na ji manyanta sun karɓi aikin amma sun sa ta rage abin da ta faɗa a kan damo, ba ta taɓa yi mini gorin haka ba. Ni kuma awon nan ya buɗe mini ido da hannu, shi ya ba ni ƙarfin halin shiga koyar da mata karatu da rubutu da Hausa, aikin da kuka tashi kuka gan ni a ciki. Babanku ya dawo da damina, ya ji labarin tun daga tasha, ya shigo gida bai ce mini komai ba sai sannu, amma irin sannun da mace take ganewa.

To kun ji yadda aka yi. Na yi zamana lafiya, na gode wa Allah, ba na neman kowa ya wanke ni. In wani ya sake ce muku uwarku ta yi wa damo likkafani, ku ce masa ƙwarai ta yi. Inna ta rayu har ta ga auren babbanku, ta goyi ɗansa, sai da muka saƙa mata sabon likkafani ya tsufa a tukunya kafin ta buƙace shi. Duk tuwon da ta ci a tsakanin nan, ni na tuƙa shi.